Maƙalar Da Ke Cikin Jakar Auta

SHAFI NA 17

Masu turo min saƙo tun safe wai Yaya ta cika ƙyashi, na gani, duk na karanta. Ku bari ta ƙarasa da bakinta tukuna, sannan ku yanke mata hukunci.

*

Farfesa ya sa jan biro ya zagaye sakin layi na uku a babina, ya turo min takardun ta kan tebur ko ɗagowa bai yi ba.

"Har yanzu ba ki samo ta ba."

Na jawo takardun gabana.

Mu biyu ne zaune a gabansa, ni da Auta, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarata takwas ina aiki a siton gidan adana kayan tarihi. Ni na yi mata hanya aka ɗauke ta a wurin, ni kuma na matsa mata ta cike takardar digiri na biyu don mu riƙa tafiya aji tare. Ga mu yanzu a hannun malami ɗaya, kowa da kundinta.

Wata huɗu ke nan ina neman maƙala guda ɗaya tak. Ta fito a wata tsohuwar mujallar masana gidajen tarihi shekara talatin da wani abu da suka wuce, a kan yadda ake kare tsofaffin tufafi daga asu da danshi a siton da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki. Duk wanda ya yi rubutu a fannin sai ya ambace ta. Amma ban taɓa haɗuwa da wanda ya riƙe ta a hannu ba.

"Malamin da zai zo daga waje ranar kare kundi, ita zai fara tambayarki," in ji Farfesa. "Ni tawa ta ɓace tun wani tashi da muka yi daga tsohon ofis. Ba zan sa hannu a babin da ya dogara da ji-ta-ji-ta ba."

Ya jawo na Auta.

Sai na ga fuskarsa ta sake.

"Ke kuma, wannan aiki ya yi. Manazarta arba'in da ɗaya, kowace a muhallinta." Ya buɗe shafi, ya sake buɗe wani, sai ya tsaya. Ya gyara zaman gilashinsa. "Tsaya. Nan kin kawo maganarta kalma da kalma. Shafi na arba'in da bakwai."

Na juya na kalli Auta.

Ita kuwa yatsun hannunta take kallo.

"Kin gan ta ke nan?" ya tambaye ta.

"Ara min aka yi, ranka ya daɗe. Na karanta na mayar."

"Wa ya ara miki?"

"Wata ce. Ba ta son a riƙa yawo da ita."

Ya daɗe yana kallonta kafin ya ce, "To ki lallaɓa ta. Ina son kwafi." Ya juyo gare ni. "Kin gani? Ƙanwarki ta zo bayanki, ga shi ta wuce ki. Ki riƙa tambayarta yadda ake nema, ba abin kunya ba ne."

Na yi murmushi. Wallahi na yi murmushi, har na ce masa, "To, ranka ya daɗe."

Na tattara takarduna na fita.

A baranda Auta ta kamo gefen mayafina.

"Yaya, tsaya ki ji."

"Je ki, za ki makara. Ba ke ce da masu ziyara yau ba?"

"Ba yadda kike zato ba ne."

"Ni ban zaci komai ba. Allah Ya ƙara basira."

Na zame mayafina na sauka bene.

*

Laburare na nufa kai tsaye, wurin dattijon da duk ɗalibai ke kira Baban Laburare. Yana hango ni ya fara girgiza kai, don ya san abin da ya kawo ni.

"'Yata, wallahi babu sabon labari."

"Baba, a sake dubawa."

"Me ya rage ba mu yi ba? Zauna mu lissafa." Ya ja min kujera kusa da kwamfutarsa. "Mun sa taken maƙalar gaba ɗaya, babu. Mun gutsura shi kalma biyu-biyu, babu. Mun canza kalmomin da 'yan uwansu, inda aka ce tufafi muka sa yadi, inda aka ce danshi muka sa laima. Me muka samu?"

"Masu ambatonta kawai."

"Sittin da wani abu. Kowa na cewa duba wance, babu mai cewa ga ta. Mun shiga rumbun mujallun da jami'a ke da izinin shiga, wannan mujallar an ɗora ta ne daga fitowa ta goma sha biyu zuwa sama. Taki tana ƙasa."

"Wadda aka ɗinke fa, ta bene na biyu?"

"Ke da kanki kika hau tsani kika sauko da ita. Fitowa ta takwas, kamar yadda kowa ya rubuta. Kin ga maƙalar a ciki?"

Ban gani ba. Shafi-shafi na bi, har ƙura ta sa ni tari na kwana biyu.

"Na rubuta wa laburaren jami'o'i uku su ara mana," ya ci gaba. "Biyu sun ce ba su da ita, ɗaya ko amsa. Marubuciyar kuma ba adireshi, ba hoto, ba wani rubutu bayan wannan. Harafi biyu ne da sunan uba, irin sunan da in kin kira a kasuwa mutum goma za su waiga."

Na ce, "Baba, Auta ta zo nan nemanta?"

"Da farko kullum tana nan, har ta fi ki naci." Ya ɗan yi tunani. "Amma kin tuna min. Ta yi wata biyu ba ta sake tayar da maganar ba."

Wata biyu.

Wata biyu tana zaune kusa da ni a mota, ina ba ta labarin imel ɗin da na tura wa wani malami a wata ƙasa, tana ce min, "Allah Ya sa a dace, Yaya." Wata biyu tana kallona ina cinye lokacin hutun rana a gaban kwamfuta, ita kuma abin yana hannunta.

Na miƙe.

"Lafiya?" in ji Baban Laburare.

"Lafiya lau, Baba. Na gode."

*

Ƙarfe biyu na koma wurin aiki.

Siton namu ɗaki ne dogo mai taga ɗaya, kabad-kabad na ƙarfe jere har bango, kowane aljihun kabad da lambarsa. Teburina yana bakin ƙofa, na Auta yana ciki kusa da inda muke ajiye safar hannu da farar takardar naɗe kaya. Ina jiyo muryarta daga zauren baje koli tana yi wa masu ziyara bayani, suna dariya. Ita haka take, ko bayanin tsohuwar tukunya take yi sai an yi dariya. Ni shekara takwas ba wanda ya taɓa neman in zagaya da baƙi.

Jakarta na rataye a bayan kujera.

Na zauna na ɗauko katunan da zan cike. Na rubuta lamba ɗaya, na yi kuskure, na goge. Na sake rubutawa, na sake kuskure.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban yi wata doguwar shawara da zuciyata ba. Tashi kawai na yi.

A cikin jakar akwai ambulan mai ruwan ƙasa, an naɗe ta a leda. Na zaro abin da ke ciki.

Ba fotokwafi ba ce. Ainihin bugun ne, shafi goma sha biyu da aka ɗinke da zare, takardar ta yi ja don tsufa. Ga taken nan da na haddace kamar sunana. A saman shafin an buga: fitowa ta shida.

Ta shida. Ba ta takwas ba.

Wato mutum na farko ya yi kuskure, sauran sittin suka yi ta kwafar kuskurensa, ni kuma na ƙare wata huɗu ina tonon inda ba a binne komai ba. Kuma Auta ta sani. Kalma ɗaya ce za ta faɗa min, ta shida, in hau bene in ɗauko da kaina.

Na ciro waya. Na shimfiɗa takardun a kan teburinta, na ɗauki hoton kowane shafi. Gefen shafukan cike yake da rubutun fensir, ƙanana-ƙanana, ban tsaya karantawa ba. Na buɗe lambar Farfesa, na tura duka goma sha biyun, na rubuta a ƙasa:

"Na samo ta, ranka ya daɗe. Kuskuren lambar fitowa ne ya ɓatar da kowa."

Na danna.

Daɗin da na ji bai kai minti ɗaya ba.

"Yaya."

Tana tsaye a bakin ƙofa, katin aikinta na lilo a wuyanta. Idonta ba a kaina yake ba, yana kan takardun.

"Jakata kika buɗe?"

"Ashe ba ki mayar ba," na ce. "Ba kin ce wa Farfesa kin mayar ba?"

Ta turo ƙofar ta rufe.

"Ba ni."

"Zan ba ki. Amma sai kin faɗa min abin da na yi miki."

"Ba ki yi min komai ba."

"To me ya sa? Ni na kawo ki gidan nan. Ni na koya miki yadda ake riƙe tsohon yadi ba a yaga shi ba. Ranar da kika fara neman maƙala ko inda ake rubuta kalmar nema ba ki sani ba, ni na zaunar da ke. Yau ni ake ce wa in je in koya a wurinki."

"Ni na ce ya faɗi haka?"

"Ba ki ce ba, amma kin ji daɗi."

"Wallahi ban ji ba."

"Kin ji. Tun muna yara haka kike. Ki yi shiru, ki sunkuyar da kai, a ce Auta ba ruwanta, komai kuma ya ƙare a hannunki."

Ta ɗago. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Kin gama?"

"Ban gama ba. Wace ce ta ara miki? Wace ce wannan da ta san ki ba ta san ni ba, a fannin da na riga ki shiga da shekara shida?"

"Ta san ki."

"To wace ce?"

"An ce kar in faɗa."

"An ce, ko kin ce?"

Ta matso ta tsaya a gefen teburin. Ta sa yatsa ɗaya a gefen shafi na biyar, inda aka jera wasu lambobi da fensir.

"Karanta nan."

"Awon danshi ne. Na gani."

"Ba awon ba. Dubi bakwai ɗin. Dubi yadda aka ja mata layi a ciki, aka lanƙwasa ƙafarta. A ina kika saba ganin irinta?"

Na duba.

Na sake dubawa.

Akwai wani littafi mai baƙin bango da ke zaune a kan keken ɗinkin gidanmu tun ina firamare. A ciki ake rubuta awon masu kawo ɗinki. Kafaɗa goma sha bakwai. Tsawo hamsin da bakwai.

Na zauna a kujerarta.

"Ƙarya kike."

"Harafi biyun nan na farko sunanta ne na yanka da wanda ake kiranta da shi a gidansu. Na ƙarshen sunan kakanmu ne."

"Mama tela ce."

"Yanzu ba."

"Ta ce aikin ofis ta ɗan taɓa yi a garinsu farkon aurensu da Baba."

"Eh. A gidan tarihin garin. Shekara biyar tana riƙe da sito, irin wannan da muke ciki."

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ya aka yi kika sani?"

"Ban nema ba, Yaya. Ina zaune a ƙasa kusa da kekenta ina karanta babina da ƙarfi, kin san haka nake yi in ina son in ji inda ya karkace. Na zo kan taken maƙalar, na karanta rabi na tsaya ina mita. Sai kawai na ji ta ƙarasa min sauran. Ko ɗagowa ba ta yi daga ɗinkin ba. Ta ce, kuma ba ta takwas ba ce, ta shida ce, sun yi ta kwafar shirme."

Ta ɗauki takardun a hankali tana daidaita gefensu.

"Ranar ta buɗe akwatin da ke ƙarƙashin gadonta. Ta sa na yi mata alkawari ba wanda zai ga takardar nan. Ta ce in karanta, in ambata, amma kar ta bar hannuna. Yau ma don zan duba wata lamba na fito da ita."

"Har ni?"

Ta ci gaba da daidaita takardun.

"Auta, har ni ta ce kar ki nuna wa?"

"Ta ce musamman ke."

Na zaci zafin da na ji a ofishin Farfesa shi ne ƙarshe. Ashe somin-taɓi ne. Wancan malami ne ya fifita ta a kaina. Wannan uwata ce.

Auta ta juya tana mayar da takardun cikin ambulan. Na zaro wayata a ƙarƙashin tebur, na buɗe saƙon don in goge.

Farfesa ya riga ya buɗe. Duka goma sha biyun.

Na kife wayar a cinyata.

"Tashi mu je gida," na ce.

"Ba a tashi aiki ba."

"Ki ce wa shugaban sashe ba ni da lafiya. Ba ƙarya kika yi ba."

*

Tun daga ƙofar gida muke jin ƙarar keken. Mama na zaune a inda take zama kullum, gefen taga, tef ɗin awo a wuyanta, allura biyu a gefen bakinta. Ta ɗago ta gan mu tare da rana tsaka, ta dubi fuskata, ta dubi ambulan a hannun Auta.

Ta cire alluran ta soke su a jikin matashin.

"Kin faɗa mata."

"Ita ta gani, Mama. Jakata ta buɗe."

"Ai na san za a yi haka." Ta nuna min tabarma. "Zauna."

Ban zauna ba.

"Mama, ni ba 'yarki ba ce?"

"Zauna, na ce."

Na zauna. Ban gaishe ta ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo.

"Wata huɗu," na ce. "Kina gani ina zuwa gidan nan idona ya yi ja. Kina tambayata me ke damuna."

"Ina tambayarki. Me kike ce min?"

Na kawar da kai.

"Faɗi mana. Me kike ce min?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Cewa kike, Mama, harkar boko ce, ba za ki gane ba." Mama ta faɗe shi da irin muryata, har da yadda nake ɗaga hannu. "Sau uku kina faɗa min. Na ƙarshen kina danna waya, ko kallona ba ki yi ba. To na ce bari in bar ki da bokonki."

"Da kin faɗa min ai da..."

"Da me? Shekara takwas kina aiki a sito. Kin taɓa zama kin ce, Mama, yau ga abin da na yi a wurin aiki? Wannan," ta nuna Auta da haɓa, "surutunta har ciwon kai yake sa ni. Wane kabad ya yi tsatsa, wace riga asu ya taɓa, duk sai na ji. Ke kuwa ki shigo, ki ajiye min leda, ki ce sauri kike."

"Don haka kika zaɓe ta."

"Ban zaɓi kowa ba. Ita ta zauna kusa, ta ji."

"Kin ce musamman ni."

Mama ta daɗe tana kallona. Sai ta sauke tef ɗin daga wuyanta ta naɗe shi a yatsu.

"Na ce. Kuma ba don ban ƙaunace ki ba. Ke tun kina ƙarama in ranki ya ɓaci ba kya iya riƙe abu. Sai kin yi wani abin da za a san ranki ya ɓaci, daga baya ki zo kina kuka. Halina ne kika ɗauko, shi ya sa na san shi."

Wayar da ke cikin jakata ta yi min nauyi kamar dutse.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Auta a hankali, "me ya sa ake ɓoyewa? Mama, mutum sittin sun ambace ki. Har a ƙasashen waje. Ni da ni ce, a allo zan rubuta in rataya a ƙofar gida."

Mama ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba.

"Ke ma rabi na faɗa miki."

Ta miƙa hannu, Auta ta ba ta ambulan. Ta zaro takardun ta ɗora a cinya, tana shafa gefen da tafin hannu.

"Biyu na rubuta. Wannan ta farko ce. Ta biyun ta fi ta, don shekara uku na yi ina auna danshin ɗakin nan safe da yamma, ina rubutawa. Wannan rubutun fensir da kuke gani a gefe, shirin ta biyun ne. Da na gama, cikinki ya tsufa," ta dube ni, "ba na iya doguwar tafiya. Akwai wani abokin aikinmu, teburinsa na kallon nawa, zai je taron masana a babban birni. Na ba shi ya kai wa masu mujallar."

"Bai kai ba?" in ji Auta.

"Ya kai. Ta fito bayan wata tara."

Ta ɗan tsaya.

"Da sunansa."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Na je wurin shugabanmu da jaririya a baya. Ya ce ina shaida? Na ce ga rubutun hannuna. Ya ce rubutun hannu ai kowa na iya kwafa bayan abu ya fito. Aka ce in yi haƙuri, yaro ne mai tasowa, kar in ɓata masa gaba. Babanku, Allah Ya jiƙansa, ya ce in na ga zan iya ci gaba da kallon teburin mutumin kullum, in zauna. Na ga ba zan iya ba. Na ajiye musu makullin sito, na sayi keke."

"Waye shi?" na tambaya. Muryata ta fito kamar ba tawa ba.

"Da wannan maƙalar ya samu gurbin ƙaro karatu. Daga nan ya yi ta hawa."

"Mama, waye?"

"Ranar da Auta ta kawo min bangon kundinta in ga yadda aka tsara, na ga sunan mai duba aikin a ƙasa." Ta mayar da takardun cikin ambulan. "Shi ya sa na ce kar takardar nan ta bar hannunta. Ya san rubutuna kamar yadda ya san nasa. Ku biyu duk kuna hannunsa. Sa hannunsa ɗaya ne tsakaninku da wahalar shekara uku. Na ce bari su kare kundinsu lafiya, su karɓi takardarsu, sannan in ga abin da zan yi da tawa."

Auta ta dafe baki. Can ta sauke hannun ta ce, "Alhamdu lillahi da ban ba shi ba. Yau da safe ya ce in kawo masa kwafi, na ce an karɓe."

"Kin kyauta," in ji Mama.

Gumi ya jiƙa min bayan riga. Na buɗe baki.

"Mama..."

Wayata ta fara ruri a cikin jaka.

Ban taɓa ta ba. Ta yi ta yi har ta katse. Ta sake farawa.

"Ɗauki mana," in ji Mama. "Ko maigidanki ne."

Na ciro ta. Auta na kusa da ni, ita ta fara ganin sunan da ke kan fuskar wayar. Ta dube ni. Na ga lokacin da ta gane, don jinin fuskarta ya ɗauke.

"Yaya, me kika yi?"

Garin in katse na danna amsa, na kuma taɓa lasifika. Muryar Farfesa ta cika ɗakin. Ba irin muryar da yake mana magana da ita a ofis ba ce, wannan a shaƙe take, kamar wanda ya hau bene da gudu.

"Hotunan nan da kika turo min. A ina kika samu wannan kwafin?"

Na dubi Auta.

"Kina jina? Ba maƙalar nake tambaya ba. Rubutun fensir ɗin da ke gefe." Muna jin numfashinsa. "Mai rubutun nan, tana raye?"

Mama ba ta kalle ni ba. Da ta kalle ni, ko ta zage ni, da ya fi min sauƙi.

Ta ture yadin da ke kan keken gefe. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Sannan ta miƙo hannu.

"Ba ni wayar."